Vareniki da Gadon Girki a Gidajen Yukren

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na rayuwar mutanen Yukren wanda ban cika ganinsa a jaridunmu ba. Tun ranar 24 ga Fabrairu, 2022, da sojojin Rasha suka kutsa ƙasar, duk lokacin da sunan Yukren ya fito a shafin labaran duniya, ɗayan biyu ne: ko dai makamai masu linzami da adadin waɗanda suka rasu, ko kuwa alkama da man girki da yadda farashinsu ya tashi a kasuwannin duniya. Duka biyun gaskiya ne, na biyun ma ya shafe mu kai tsaye, domin a 2024 Yukren ta ba da gudummawar tan dubu 25 na alkama ta hannun Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya domin mabuƙata a Najeriya. Sai dai wanda ya dogara da waɗannan labarai kaɗai zai ɗauka mutanen ƙasar loda alkama a jirgin ruwa kawai suka iya, ba zai taɓa jin abin da suke yi da ita a ɗakin girkinsu ba.

Ina cikin dubban 'yan Najeriya da suka yi karatun likitanci a can. Na yi shekara 6 a birnin Poltava, na kammala kafin yaƙin ya ɓarke, kuma a shekaru ukun ƙarshe na bar ɗakin kwanan ɗalibai na kama hayar ɗaki a gefen gari, a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Babusiya nake ce mata, wato kaka, ita kuma tana ce mini sinku, wato ɗana. A gidanta na san vareniki, abincin da idan aka tambayi mutumin Yukren ya ambaci girki biyu na ƙasarsa, da wuya ya tsallake shi bayan miyar da suke kira borsh.

Sunan ya samo asali ne daga kalmarsu ta dafawa a ruwa, don haka ma'anarsa ba ta wuce "dafaffe" ba. Ana kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, wasu su sa ƙwai, a murza kwaɓin da sandar murji ya yi fale-fale, a kifa bakin kofi a yanka shi zagaye-zagaye, a ɗora haɗi a tsakiya, a ninke shi ya zama kamar jinjirin wata, sannan a matse bakin da yatsu. Haɗin da aka fi yi shi ne dankalin Turawa da aka dafa aka murƙushe da soyayyiyar albasa, ko cuku mai laushi da suke yi da nono a gida, ko kabejin da aka jiƙa da gishiri a tulu ya yi tsami, ko naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Ana jefa su a tafasasshen ruwa, idan suka taso sama a ba su ɗan lokaci kaɗan a tsame da matsami, a zuba man shanu don kada su manne da juna, a ci da smetana, wadda ta yi kama da kindirmo amma ta fi shi maiƙo. Wanda ya taɓa tsayawa a kan tukunyar ɗan wake yana jiran su taso ya riga ya san rabin aikin. Akwai ma wani ɗan'uwan vareniki da ba a cusa masa komai, sunansa halushki, wanda ya fi kusa da ɗan wake a siffa, kuma mutanen Poltava suna ji da shi har sun gina masa mutum-mutumi a cikin gari: ƙaton kwano da cokali, a kan tudun da ake hangen birnin.

Ranar farko da babusiya ta ajiye mini kwano, ban taɓa ba, domin na ga an barbaɗa wasu soyayyun gutsattsari a kai, da na tambaya sai ta ce shkvarki ne, wato kitsen alade da aka soya har ya ƙandare. Na yi mata bayani da ɗan guntun yaren da na iya a lokacin cewa addinina ya hana, ina fargabar kada ta ɗauka raina girkinta na yi. Ba ta ce komai ba, ta ɗauke kwanon. Bayan kwana biyu sai na tarar da sabon kasko a rataye a ƙusa, ta ɗaura masa jan zare a mariƙi, kuma daga ranar har na bar gidan, a cikinsa kaɗai take soya albasar da za ta zuba mini, da man shanu ko man da ake tatsa daga 'ya'yan furen nan mai bin rana. Na faɗi wannan ne saboda duk Musulmin da ya je can ya san akwai buƙatar tambaya kafin ci, kuma ya san vareniki a kan kansa, in na dankali ne ko na cuku ko na kabeji, ba shi da abin ƙi.

Irin na Poltava ya bambanta da na sauran wurare, kuma babusiya tana ganin shi ne na ainihi, kamar yadda kowace uwa take ganin miyarta. Da nono mai tsami da suke kira kefir take kwaɓa fulawar, ta sa ɗan soda, kwaɓin ya yi laushi ya kumbura. Ba ta jefa su a ruwa. Tukunya take cikawa rabi, ta ɗaure bakinta da farin ƙyalle mai shara-shara ta ja shi ya yi tsam, ta jera vareniki huɗu ko biyar a kai, ta kifa kwano, tururi ya dafa su cikin 'yan mintuna, kusan yadda ake turara dambu a madambaci. Suna fitowa manya, masu taushi, ɗaya ya kusa cika tafin hannu. A watan Yuni da Yuli kuma, lokacin da itacen vishniya da ke bayan gida ya nuna, sai a koma yin na 'ya'yan itacen. Jajaye ne ƙanana masu tsami, ana cire ƙwallon da fil ɗin gashi, a barbaɗa sukari a daidai lokacin ninkewa, domin in aka sa da wuri ruwa zai tsatso ya hana bakin kamawa. Duk wanda ya ciji irin wannan yana sanye da farar riga ba ya sake yin kuskuren.

Na taɓa ɗauko littafi da biro na ce ta faɗa mini awon fulawa, tunda aikinmu na asibiti ya saba mana da awo. Ta dube ni kamar na tambaye ta nauyin iska, ta ce: "Skilki vizme." Ma'ana, gwargwadon yadda kwaɓin ya ɗauka. Na ce to ta yaya zan san ya ɗauka? Sai ta kama kunnena ta murza gefen nan mai laushi, ta ce in taɓa kwaɓin, in na ji sun yi daidai to ya isa. Wannan shi ne dukan karatun, kuma haka ta karɓe shi daga mahaifiyarta. Matse baki ma kowane gida da irin nasa: wasu su danne kawai, wasu su yi masa kitso kamar igiya. Ta ce a taron biki tana iya duban faranti ta ware waɗanda ƙanwarta ta ninke daga na maƙwabciya.

Ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a nan ne maganata take. Idan iyali za su taru, ana yin ɗari ko fiye, saboda haka sai an zauna kewaye da tebur: ɗaya na murji, ɗaya na yanka, biyu ko uku na cusawa da ninkewa, yara kuma a ba su ragowar kwaɓi su yi ta ɓatawa har hannunsu ya faɗa. 'Yarta da jikarta suna zaune a Kharkiv, suna zuwa ƙarshen mako a jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta wuce awa biyu zuwa uku ba. A wannan zama ne ake ba da labarin wanda ya auri wa, da wanda aka kai Saiberiya bai dawo ba, da gonar da aka ƙwace, da yadda kakan yarinyar ya ci vareniki arba'in a zama ɗaya don ya burge surukai. Yarinyar tana koyon ninki da yatsu, tana koyon danginta da kunne, ba tare da wani ya ce mata zauna ga darasi ba.

Babban lokacin wannan zama shi ne daren jajiberin Kirsimeti, wanda suke kira Sviata Vecheria. A shekarun da na yi a can, ranar 6 ga Janairu ake yinsa, domin bisa tsohuwar kalandar coci Kirsimetinsu 7 ga Janairu take faɗawa, kafin a 2023 hukuma ta mayar da hutun zuwa 25 ga Disamba. Ana jiran fitowar tauraro na farko kafin a fara ci, kuma ana jera abinci kala 12, adadin almajiran Annabi Isa (AS) a wurinsu. Saboda ranar ƙarshen azuminsu ce, babu nama, babu nono, babu ƙwai a ciki, don haka a gare ni ita ce liyafar da ta fi kowace sauƙin ci a shekara. Ana farawa da kutiya, dafaffiyar alkama da zuma da wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da suka fi riɗi ƙanƙanta, sai borsh da ake jefa wa wasu mitsi-mitsin vareniki masu naman kaza da ake kira vushka, wato 'yan kunnuwa, sannan vareniki na kabeji da na dankali. A kusurwar ɗaki ana kafa damin alkama da suke kira diduk, alamar kakanni, kuma bayan an tashi ana barin kutiya a kan tebur har safe saboda mamatan gidan. Wannan imaninsu ne, ba nawa ba, ni dai ina zaune ina kallo a matsayin baƙo, amma na lura cewa a daren nan ana ambaton sunan duk wanda ya rasu a gidan, ɗaya bayan ɗaya. Kafin babban azuminsu na bazara kuma akwai mako guda, Masnitsiya, da ba a cin nama amma ana cin nono, a nan ne vareniki na cuku yake cin kasuwarsa.

Sai da na daɗe a gidan na fahimci dalilin da ya sa tsohuwar nan ba ta zubar da ko ɓurɓushin burodi, kuma in yanki ya faɗi ƙasa takan ɗauka ta sumbace shi. Mahaifiyarta ta rayu a cikin yunwar 1932 zuwa 1933, wadda suke kira Holodomor, wato kisa ta hanyar yunwa. Ba fari ne ya kawo ta ba, ƙasar Yukren baƙar ƙasa ce mai albarka da ba ta da na biyu a Turai. Gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet wadda Yukren take cikinta a lokacin, ita ce ta tilasta wa manoma shiga gonakin gama-kai, ta ɗora musu kason hatsin da ya fi ƙarfinsu, ta aika mutane gida-gida suna tono rumbuna da ƙarƙashin ɗakuna. Dokar 7 ga Agusta, 1932, ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 10 ga wanda ya taɓa dukiyar gonar gwamnati, har ta kai ana kama masu kalar zangarniya bayan girbi, sannan a Janairun 1933 aka hana manoma barin ƙauyukansu neman abinci. Masana da dama sun ƙiyasta waɗanda suka mutu a Yukren da kusan miliyan 4, kuma yankin Poltava da Kharkiv da Kiyef suna cikin inda abin ya fi muni. Majalisar Yukren ta ayyana shi a matsayin kisan ƙare dangi a 2006, Rasha kuwa ba ta yarda da wannan suna ba. Duk Asabar ta huɗu a watan Nuwamba ana kunna kyandir a taga domin tunawa, kuma babusiya ba ta taɓa fashi ba. Ta ce mahaifiyarta, har ta rasu, idan ta ga an cika faranti da vareniki sai ta ƙirga su da ido tukuna kafin ta miƙa hannu.

Abincin ya riga ya taɓa ƙetare teku ya rayu. A 1891 manoma biyu daga yammacin Yukren, Ivan Pylypiw da Wasyl Eleniak, suka isa Kanada, dubbai suka biyo bayansu zuwa filayen noma na Manitoba da Saskatchewan da Alberta, yau kuma 'yan Kanada masu tushen Yukren sun haura miliyan ɗaya. Mutanen yammacin Yukren pirohi suke ce wa vareniki, da wannan sunan ya shiga bakin 'yan Kanada, har wani ƙaramin gari mai suna Glendon a Alberta ya kafa gunkinsa mai tsawon kimanin mita 8, soke da cokali mai yatsu. Jikoki da yawa a can sun manta yaren kakanninsu, amma mata suna taruwa a zauren coci su ninke dubbai su sayar don tara kuɗin hidima. Abin lura shi ne waɗancan sun yi ƙaura ne gida guda, da kaka da jika a jirgi ɗaya, suka sauka ƙauye ɗaya, don haka teburin bai watse ba.

Ƙaurar yanzu ba haka take ba. Mutanen da suka bar Yukren tun 2022 sun haura miliyan 6, akasarinsu mata da yara, domin an hana mazan da ke tsakanin shekara 18 da 60 fita a farkon yaƙin, tsofaffi da yawa kuma sun ƙi barin gidajensu da kaburburan mazajensu. Haka ta faru a gidan da na zauna. Da aka fara ruwan bama-bamai a Kharkiv, 'yar da jikar suka tsallaka Folan, babusiya ta ce ita ba inda za ta, wa zai kula da itacen vishniya da kaji? A ranar 1 ga Yuli, 2022, hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar dafa borsh ta Yukren cikin jerin abubuwan gado da ke buƙatar ceto cikin gaggawa, bayan fafutukar da wani mai girki, Yevhen Klopotenko, ya jagoranta. Na ga wasu suna yi wa matakin dariya, wai ana yaƙi ana maganar miya. Ni ban ga abin dariya ba, kodayake ina ganin takarda ba za ta iya abin da ake fata ba ita kaɗai. Borsh da vareniki ba za su ɓace daga duniya ba, kowane babban kanti a Kiyef ko Warso yana da su a daskare cikin leda, mintuna goma sun dahu. Abin da yaƙi yake ci shi ne zaman nan na mutum biyar a tebur ɗaya, da kama kunne a gwada kwaɓi, da labarin kakan da ya ci arba'in, waɗanda ba a sa su a leda.

A Folan yarinyar ta tarar da abinci kusan iri ɗaya da suke kira pierogi, kuma wanda aka fi saye, mai dankali da cuku, sunansa pierogi ruskie. Bayan ɓarkewar yaƙin wasu gidajen abinci suka goge sunan suka rubuta na Yukren, suna zaton Rasha ake nufi, alhali kalmar tana nuni ne ga Rus, tsohon sunan yankin da yau yake yammacin Yukren da kudu maso gabashin Folan. Na Rashawa daban ne, pelmeni, ƙanana masu ɗanyen nama a ciki. Ko Musulmin ƙasar, Tatar na Kirimiya, suna da nasu, cebureki, wanda ake cusa wa nama a soya a mai, kuma su ma sun riƙe shi tun daga korar da Stalin ya yi musu zuwa Asiya ta Tsakiya a Mayun 1944 har dawowarsu a ƙarshen shekarun 1980, sai ga shi bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014 da yawansu sun sake ɗaukarsa zuwa Kiyef da Lviv.

Roƙona ga wannan jarida, ya Edita, shi ne idan za a sake ɗauko labarin Yukren, a nemi ɗalibanmu da aka kwaso ta Folan da Romaniya da Hungari a Maris na 2022, da waɗanda suka kammala kafin nan. Suna nan a asibitocin Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, kuma an sha tambayarsu yadda suka tsira a kan iyaka, amma ban ga wanda ya tambaye su gidajen da suka zauna da mutanen da suka ciyar da su ba. Mai karatu da ya san akwai tsohuwa mai kasko da jan zare a Poltava zai karanta labarin duk wani harin da aka kai birnin da wani ido daban.

Muna magana da babusiya ta waya lokaci-lokaci, idan akwai wuta da intanet a wurinsu. A hunturun da ya wuce jikar ta haɗa mu kira ɗaya mu uku, ita a ɗan ƙaramin ɗakin girki a Folan, tsohuwar a Poltava, ni a Kano, saboda kwaɓinta ya ƙi kamawa kuma tana so ta kai wa 'yan ajinsu. Tana ɗaga kwaɓin a gaban waya tana tambaya ko ya yi, kakar tana matso da fuska tana cewa ba ta gani sosai, ta ƙara fulawa, a'a ta yi yawa, ta taɓa kunnenta ta ji. Ni ma na gwada nawa a gida da kindirmo a madadin kefir da dankalin Jos, na ɗaure bakin tukunya da sabon ɗankwalin maiɗakina, na nuna mata. Ta ce kwaɓin ba laifi, amma bakin da na matse ko rabin tafasa ba zai kai ba zai buɗe, kuma uku daga cikin biyar ɗin farko sun buɗe.

Wassalam.

Naku,
Wani likita, tsohon ɗalibi a Poltava,
daga Kano.